TABON RUWA A JIKIN MOTA: GARIN NEMAN GIRA KADA A RASA IDO

Daga Wakilinmu na Arewa, Sheda

Duk ɗan Arewa mazaunin Kudu da ya taɓa tuƙo mota zuwa gida ta hanyar Lakwaja ya bi ta Sheda, ko da bai riƙe sunan garin ba. In an baro Lakwaja, aka haye kogin Kwara ta gadar Murtala Muhammed da ke Jamata, aka wuce Kotonkarfe da Abaji da Kwali, to Sheda ce a gaba kafin a faɗa Gwagwalada. Wanda ya taso daga Ikko kafin ya iso nan ya riga ya ci fiye da kilomita 600, motarsa kuwa ta sha jar ƙasa da taɓo da hayaƙin tireloli har launinta ya ɓace.

Ba mai son shiga gida da mota a cikin wannan hali, balle ma in sabuwar saye ce, 'yar tokumbo da aka fito da ita daga Apapa, wadda za a nuna wa dangi ko a kai wa dillali a Kaduna ko Kano. Saboda haka sai ka ga an ratse a ɗaya daga cikin wuraren wankin mota da ke bakin titi tsakanin Kwali da Gwagwalada. Samari su taso da bokiti da soso, a watsa ruwa, a cuɗa, a ɗauraye, duk a tsakiyar rana. Mai mota ya tafi cin abinci, mota tana bushewa da kanta.

Sai washegari, in hasken safiya ya bugi bonet, mutum ya ga ɗigo-ɗigon farin tabo, kowanne da ɗan zobe kewaye da shi, sun cika saman mota da gilas. A sake wankewa su ƙi fita. To daga nan ne ake shiga ɓarna ta biyu, wadda ta fi ta farko muni: a ɗauko omo, a ɗauko soson ƙarfe, wani ma har fetur ko tina. Dillali ya gani ya rage kuɗin mota. Direban maigida ya ji an ce za a yanke masa albashi. Yaron wanki ya sha zagi a kan abin da shi kansa bai san dalilinsa ba.

Gaskiyar magana ita ce tabon ruwa yana da magani mai araha in an kama shi da wuri, kuma motoci da yawa da fentinsu ya mutu, garin cire tabon ne aka kashe shi. Ga yadda abin yake.

GARIN SHEDA DA ZAFINSA

Sheda tana cikin Ƙaramar Hukumar Kwali ne, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi shida na Babban Birnin Tarayya, wanda gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta ƙirƙiro a 1976, aka kuma komo cikinsa daga Ikko a watan Disamba na 1991. Garin ƙarami ne, amma yana ɗauke da manyan ma'aikatun ilmi na Gwamnatin Tarayya. A nan Cibiyar Kimiyya da Fasaha ta Sheda take, wadda aka kafa a farkon shekarun 1990, da ɗakunanta na binciken sinadarai. A nan kuma Cibiyar Lissafi ta Ƙasa take, da hedkwatar Hukumar Bincike da Raya Ilmi ta Nijeriya. Ma'aikatan waɗannan wurare, da matafiyan babbar hanya, su ne ke kai wa 'yan wankin mota na yankin ciniki.

Abu biyu ne suka sa tabon ruwa ya zama ruwan dare a nan. Na farko shi ne zafi. Yankin Gwagwalada da Kwali da Abaji yana cikin kwari ne, ya fi tsakiyar Abuja zafi, a watannin Fabrairu da Maris kuwa ma'auni kan kusanci digiri 40. Baƙar mota da ta tsaya a irin wannan rana, ƙarfen jikinta kan haura digiri 70, ba ya taɓuwa da hannu. Ruwan da aka watsa mata kafin mai wanki ya zagayo ɗaya gefen ya riga ya ƙafe.

Na biyu shi ne irin ruwan. Jama'a da dama a wannan yanki sun dogara ne ga rijiyoyin burtsatse da rijiyoyin gida da rafuka, 'yan ga-ruwa kuma su kai wa wanda bai da su. Ruwan ƙarƙashin ƙasa kuwa, komai haskensa a ido, ba ya fitowa shi kaɗai.

MENE NE A CIKIN RUWAN?

Kai mai karatu, leƙa cikin tukunyar dafa ruwa ta mai shayin unguwarku, ko tsohuwar butar ƙarfe ta gida. Za ka ga wani farin abu mai kama da alli ya kama gindinta. Ba datti ba ne ya faɗa ciki. Ruwan ne ya zo da shi a narke daga cikin ƙasa, da ruwan ya tafi sai ya bar shi a baya. Abin da ke faruwa a cikin butar nan cikin watanni, shi ne ke faruwa a kan bonet cikin mintoci kaɗan.

Masana suna kiran waɗannan sinadarai kalsiyam da magniziyam, watau dangin alli da farar ƙasa. Ruwan da suka yi yawa a cikinsa shi ne za ka ga sabulu ba ya kumfa da shi sosai. Akwai kuma ƙarfe, wanda ke barin jan tabo irin wanda ake gani a jikin tankin ruwa ko a farar riga. Akwai gishiri, irin na ruwan zartsi. Har wa yau akwai silika, watau sinadarin da ke cikin yashi da gilas. Yawancin ƙasar Babban Birnin Tarayya tana bisa tsohon dutse ne irin na Aso da Zuma, ruwan da ya daɗe kwance a tsagar irin wannan dutse kuwa yakan ɗauko silika. A riƙe sunansa, domin za mu sake komowa kansa. Kowace rijiya da irin nata haɗin, ta yiwu rijiyoyi biyu a unguwa ɗaya su sha bamban.

Ƙa'idar ruwan sha da Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya ta fitar a 2007 ta yarda lita ɗaya ta ɗauki har miligiram 500 na narkakkun sinadarai. To in mun yi lissafi, jarka mai lita 25 ta irin wannan ruwa tana ɗauke da giram 12 da rabi, watau kimanin cokalin shayi biyu na gari. Ruwan lafiyayye ne, ana sha ba abin da zai sami mutum. Mafi yawansa kuma yana gangarewa ƙasa wajen wanki. Amma duk ɗigon da ya tsaya ya bushe a jikin mota, to ya ajiye rabonsa a nan.

Ɗigon ruwa daga gefensa yake fara bushewa, yana tura abin da ke cikinsa zuwa baki-baki. Dalilin da ya sa tabon ke fitowa kamar zobe ke nan.

FENTIN JIYA DA NA YAU

Dattawan direbobi za su ce a zamaninsu ba su san wannan fitina ba, kuma suna da gaskiyarsu. Lokacin da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, Volkswagen kuma a Ikko a wannan shekara, yawancin motoci fenti ɗaya gare su a sama, launi da ƙyalli a haɗe. In 504 ta dusashe sai a goge ta da folish, tsumma ya ɗauko launin motar, sabon ƙyalli ya fito daga ƙasa.

Tun daga shekarun 1980 zuwa 1990 masu ƙera motoci suka koma wani tsari. Yau kusan kowace mota rufi huɗu ne a kan ƙarfenta: na hana tsatsa, na share fage, na launi, sannan na sama wanda ba shi da launi ko kaɗan, garau yake kamar gilas. Wannan na saman shi ne masu fenti a gareji ke kira kiliya. Shi ne ke ba mota ƙyalli, shi ne kuma ke kare launin daga hasken rana.

A nan ƙasar Kwali misalin ba shi da wuyar ganewa. Marigayiya Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, ta gaji ginin tukwane na gargajiya, sannan a 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane ta Abuja ta da, watau Suleja ta yanzu, inda ake yi wa tukunya rufi mai ƙyalli a gasa ta. Zanen yana ƙasa, rufin yana sama yana tsaronsa. Haka kiliya take a kan launin mota. Bambancin kawai shi ne rufin tukunya gilas ne da ya sha wuta, kiliya kuwa dangin roba ce, tana da taushi, in ta ji zafi kuma ta ƙara laushi.

Ga kuma rashin kauri. Ana auna fenti da maikuron, watau kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Duk rufin nan huɗu na kamfani in an haɗa su ba su cika wuce maikuron 100 zuwa 150 ba. Kiliya ita kaɗai tana tsakanin 35 da 50, watau kusan rabin kaurin takardar rubutu ta ofis. Abin da mai mota ke da shi ke nan tun daga ranar da aka ƙera ta har ranar da za a sake mata fenti. Duk abin da aka kankare ba ya tsirowa. 'Yar tokumbo kuwa ta riga ta yi shekaru a Turai ko Amurka, wataƙila an sha goge ta, an kuma sake goge ta kafin a sa ta a kasuwa.

In kana son sanin irin fentin motarka, shafa ɗan folish a farin tsumma ka goga a wani lungu da ba a gani, kamar cikin bakin ƙofa. In tsumma ya ɗauko launin motar, fenti ɗaya ne. In bai ɗauko ba, akwai kiliya.

TABO IRI UKU NE

Kafin a nemi magani sai a san ciwon, domin abin da ido ke gani iri ɗaya, iri uku ne.

Na farko shi ne wanda ke zaune a saman kiliya kawai, kamar alli a kan allo. Sabon tabo ne na kwana ɗaya ko biyu. Wannan shi ne mai sauƙi.

Na biyu shi ne wanda ya sha rana kwana da kwanaki har ya manne. In ka sa hannunka cikin farar leda mara kauri ka shafa wurin bayan wanki, za ka ji kaushi kamar tsakin gero.

Na uku shi ne wanda ya ci cikin kiliya. Yayin da ɗigon ke bushewa sinadaran cikinsa suna ƙara ƙarfi, kiliya kuma ta yi laushi don zafi, sai bakin zoben ya ƙwaƙule ta ya bar ɗan rami. A nan ko an cire farin garin duka, zoben yana nan, domin ya zama gurbi a jikin fentin. In ka haska tocila a karkace cikin duhu za ka ga bakin ramin.

Abin lura shi ne, na farko shi ke zama na biyu, na biyu ya zama na uku. Rana da jinkiri ne ke ciyar da shi gaba. A lokacin bazara mako ɗaya ya isa.

YADDA AKE CIRE SHI

Doka ɗaya ce a wannan aiki: a fara da mafi sauƙi, kada a hau mataki na gaba sai na baya ya gaza.

Da farko a kai mota inuwa, a bar ta ta huce har mutum ya iya ɗora tafin hannunsa a bonet ya bar shi. Da sassafe ko da yamma liƙis ya fi. A watsa ruwa da yawa tukuna don ƙura ta sauka, sannan a wanke da sabulun ruwa na mota da soso mai laushi, daga sama zuwa ƙasa. A ajiye bokiti biyu, ɗaya na sabulu, ɗaya na ɗauraye soso, don kada yashi ya koma jikin mota. A ɗauraye, a tsane nan take da tawul mai laushi. Sau da yawa sabon tabo a nan yake ƙarewa.

In bai fita ba, sai a nemi ruwan khal, wanda a kantuna ake kira binega, fari tas irin na girki. Tsaminsa kimanin kashi 5 cikin 100 ne, shi ne kuma ke narkar da dangin alli, kamar yadda yake wanke cikin buta. A haɗa shi da ruwa mai tsabta, kofi ɗaya na wannan kofi ɗaya na wancan. A fara gwadawa a wani lungu. Sannan a jiƙa tawul a ciki, a shimfiɗa shi a kan tabon kamar minti ɗaya, a shafa a hankali ba tare da dannawa ba, a ɗauraye da ruwa mai yawa, a tsane. A riƙa yin wuri kaɗan-kaɗan, kamar faɗin faranti, kuma kada a kuskura a bar shi ya bushe a jikin mota. Ana iya maimaitawa sau biyu ko uku. Haka ake yi wa gilas da madubi ma. In babu khal, ruwan lemun tsami da aka tace aka sirka yana iya yin aikin, amma yana barin danƙo, sai an ɗauraye sosai.

A kantunan kayan mota, kamar na Ladipo a Ikko ko Apo a Abuja ko Ƙofar Ruwa a Kano, akwai magungunan cire tabon ruwa na kwalba. Yawancinsu tsami ne da aka auna don fenti. A karanta abin da aka rubuta a jiki, a bi shi, a sa safar hannu.

To ga inda silika ya shigo. Tsamin khal ba ya narkar da shi. Saboda haka in an gwada sau uku tabon yana nan, kada a ce bari a ƙara ƙarfin tsami ko a bar shi ya daɗe. A tsaya haka nan, a koma mataki na gaba.

Mataki na gaba shi ne wata laka ta musamman da ake sayarwa a ɗan ƙwanƙo, mai kama da cingam, wadda asalinta daga Japan ta fito. Akan fesa ruwan sabulu a wurin ya yi santsi, a baje lakar a tafin hannu, a ja ta gaba da baya a hankali. Tana tsinke abin da ya manne a saman kiliya. In ta yi datti a naɗe ta a fito da sabon gefe. In ta faɗi ƙasa kuwa a yar da ita, domin ta ɗauki yashi.

In an yi duk wannan, wuri ya yi sumul a hannu amma zoben na nan, to tabo na uku ne. Ba abin da zai cike ramin. Abin da ake yi shi ne a rage kiliyar da ke kewaye da shi har ta yi daidai da gindinsa, watau aikin folish ke nan. A fara da folish mafi laushi, da hannu, a ɗan wuri. In bai yi ba, a kai wa wanda ya iya injin goge. Masana fenti suna gargaɗin kada a ci fiye da kamar rubu'in kiliya a duk rayuwar mota, domin in ta yi siriri rana za ta gasa ta, ta fara fari-fari tana ɓarewa kamar saɓar maciji. Kowa ya sha ganin irin waɗannan motoci, rufi da bonet duk sun yi kirci. Wannan ba shi da magani sai sabon fenti. A kula ƙwarai da gefuna da kusurwoyi, can ne fenti ya fi siriri, can ne kuma inji ke fara cinyewa.

Rami mai zurfi masu fenti kan bi shi da samfefa mai laushi ƙwarai, lamba 2000 ko 3000, da ruwa, sannan su goge. Wannan aikin gwani ne, ba na koyo a motar mutane ba. Wani lokaci ma dabara ita ce a haƙura da ɗan tabon da ba a gani sai an sunkuya, a tsira da kiliyar.

A ƙarshe, ko wane mataki aka tsaya, sai a shafa kakin mota. Khal da laka da folish duk suna cire tsohon kakin, su bar fenti tsirara. Kaki shi ne ke karɓar tabon gaba a madadin kiliya, a riƙa sabunta shi bayan wata biyu ko uku.

ABUBUWAN DA ZA A KIYAYE

Omo da sabulun wankin kwano an yi su ne don cin maiƙo, saboda haka suna cinye kakin mota, garin omo kuma in ya bushe shi ma yana barin nasa tabon. Kanwa da toka ba su da tsami, ɓangare ɗaya suke da tabon, ba za su narkar da shi ba. Soson ƙarfe da yashi da busasshen tsumma suna zana kiliya. Fetur da kananzir ba ruwansu da alli, tina da man birki kuwa fentin kansa suke ci.

Akwai waɗanda haɗarinsu ya wuce mota ya kai ga mutum. Ruwan batir iri biyu ne. Akwai tataccen ruwa da ake ƙara wa batir, wanda ba shi da sinadari ko kaɗan, shi ne ma ya fi kyau a sirka khal da shi. Akwai kuma asid ɗin batir, mai ƙona fata da tufa da fenti. A tabbatar wanne aka saya. Ruwan wankin masai ma asid ne mai ƙarfi, kada ya kusanci mota. Wasu magungunan wanke ƙafar mota suna ɗauke da wani asid da ke cin gilas, yana kuma ratsa fata ya yi mummunan lahani tun mutum bai fara jin zafi ba. Kada kuma a taɓa haɗa khal da ruwan bilic, haɗinsu yana tada iska mai guba.

KUDU MA DA NATA

Kada 'yan'uwanmu na Agege da Idi-Araba da Mil 12, da na Sabon Badun da Shagamu, su ɗauka wannan matsalar hanyar gida ce kawai. A Ikko, unguwannin da ke kusa da teku rijiyoyinsu da yawa zartsi ne da su ko ƙarfe, iskar teku kuma tana ɗauke da gishiri. A Fatakwal jama'a sun fara kuka da baƙar kunkunniya mai sauka daga sama tun ƙarshen 2016. A ƙasashen man fetur an daɗe ana kokawa da hayaƙin iskar gas da ake ƙonawa, wanda ke sa ruwan sama ya yi tsami. Irin wannan ruwa in ya bushe a mota kai tsaye yake cin kiliya, khal ba shi da aiki a kansa, sai wanki da wuri da kuma kaki.

Hunturu ma yana da nasa. Yawancin ƙurar da ke rufe mu daga Nuwamba zuwa Maris daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi take tasowa, inda tsohon tafki ya ƙafe. Ƙurar tana da silika. In ta kwanta a mota, raɓa ko yayyafin farkon damina ya sauka a kanta, rana ta fito, to an sami tabo. In kuma an share ta da busasshen tsumma da safe, kamar yadda direbobi da yawa suka saba, an goga wa mota samfefa ke nan. Ƙurar siminti ta fi duka sharri, ko ta wurin gini ko ta tirelolin da ke bin hanyar Lakwaja, domin in ta jiƙe kamawa take yi. A wanke ta a ranar.

GA 'YAN WANKI DA DIREBOBI

Samarinmu da yawa a Kudu da wankin mota suke ci, wasu kuma direbobi ne ko masu gadi da aka haɗa musu da wankin motar maigida. Su ne ake fara kamawa in tabo ya fito, saboda haka su ne suka fi bukatar sanin rigakafi.

A fara da gwada ruwan. A ɗiga shi a kan gilas mai tsabta, a ajiye a rana ya bushe. In ya bar farin zobe, haka zai yi wa mota. Mai wurin wanki da ke da hali yana iya sayen ɗan ma'aunin ruwa mai kama da alƙalami, wanda ke nuna yawan sinadaran da ke ciki. Ba dole ne a sauya rijiya ba. Ana iya wanki da ruwan da ake da shi, a ajiye bokiti ɗaya na ruwa mai kyau don ɗaurayar ƙarshe. Ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki ya dace da wannan in an tare shi a mazubi mai tsabta, haka ma ruwan sama na tsakiyar damina a wuraren da babu hayaƙin masana'antu.

Mai wurin wanki ya kafa rumfa, ko ta buhu ce. Ya tanadi tawul masu laushi da yawa, a riƙa wanke su, na ƙafar mota dabam, na jiki dabam. A wanke mota gefe-gefe, ana gamawa ana tsanewa. A buɗe ƙofofi da but a share ruwan da ya maƙale a bakinsu da ƙarƙashin madubi, don shi ne ke tsiyayowa bayan an tafi. Kafin a taɓa motar baƙo kuma, a zagaya da shi a nuna masa tabon da ya zo da shi. Wannan zagaye na minti ɗaya yana kashe rigima mai yawa.

Direba kuma ya lura da inda yake ajiye mota. Kusa da famfon ban ruwan fulawa, ko ƙarƙashin tankin da ke ambaliya, ko gindin indararo, duk wuraren ɗaukar tabo ne. In maigida ya ce a wanke mota da tsakar rana, a yi masa bayani cikin ladabi, a nemi inuwa.

Kai kuma matafiyi, in ka iso Sheda rana na tsaka, motarka ta yi zafi, ka ba ta lokaci ta huce kafin a zuba mata ruwa, ka tsaya a kanta har a tsane ta. In babu inuwa, babu tawul, gara ka ƙarasa gida da ƙurarka, a wanke da sassafe. Busasshiyar ƙura ta kwana ɗaya ba ta yi wa fenti komai in ba a goga ta ba. Kuɗin sake fentin bonet ɗaya kuwa ya fi kuɗin wanki na watanni da yawa, kuma dillali da ganin sabon fenti zai fara tambayar ko motar ta taɓa yin haɗari.

Kwalbar khal ɗaya, tawul biyu da ɗan gwangwanin kaki ba za su cika but ba. A sa su cikin kayan tafiya tare da jak da safaya. Allah Ya kiyaye hanya, Ya sada kowa da iyalinsa lafiya.